Simintin Bakin Kawu Yari

Ku gyara zama ku ji yadda ta kaya da Munzali na Bungudu, wanda ya tafi Kaduna da jakar leda, ya dawo da kwali da sunan Dakta.

Shekara ta biyu ke nan da yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, lokacin da duk wanda ya iya riƙe biro yake jin Gusau shi take jira. Munzali wata huɗu ya yi a Kaduna, a wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Aikinsa shara, da wanke kwanoni, da miƙa wa likita tawul. Da likitan ya tashi komawa garinsu, sai ya tattara tarkacen da ba ya so a kwali, ya ce Munzali ya kai bola. Munzali ya dubi bola, ya dubi kwali, ya zarce tasha.

A cikin kwalin akwai gwangwani ɗaya na wani gari ruwan hoda mai ƙamshin minti, wanda ake kwaɓawa a ɗauki shatin haƙora da shi kafin a yi wa mutum haƙoran roba. Akwai ledar farin siminti irin na ɗorin asibiti, da wani jan danƙo mai tauri kamar alewar ɗinya. Sai kofin roba, da wuƙar kwaɓi, da cokulan ƙarfe uku masu siffar kofaton doki, waɗanda ake zuba kwaɓin a ciki a cusa a baki.

Kwana uku da dawowarsa allo ya bayyana a ƙofar zauren gidansu: Dakta Munzali, Ƙwararren Likitan Haƙori Daga Kaduna. Tela kuma ya ɗinka masa farar riga da zanen gadon mahaifiyarsa.

Daura da zauren akwai rumfar Shu'aibu wanzami, wanda ya shekara talatin yana cire wa mutanen unguwar haƙori da awartaki. Ya tsallako, ya tsaya gaban allon yana shafa kai.

"Munzali, baƙo kunka yi? Na ga an rubuta Dakta."

"Ni ne, Wanzam."

"Kai? Ba kai ne bara na cire wa ƙaya ga ƙafa ka suma ba?"

"Zamani ya canza, Wanzam. Ku cirewa kuka iya. Mu sakawa muke yi. A Kaduna da idona na ga baki sama da ɗari huɗu."

"Ka gani, ko ka taɓa?"

"Gani ai shi ne karatun."

"To," in ji Shu'aibu, "Allah shi kawo mai ƙarar kwana."

Mako guda ba wanda ya leƙo, sai akuya. A rana ta takwas Allah ya kawo Kawu Yari, yayan mahaifiyar Munzali, manomi daga Kucheri ta ƙasar Tsafe. Dattijo ne mai kunya, shekara uku da rasuwar matarsa, kuma tun ranar da san huɗa ya make shi da ƙaho haƙoransa huɗu na gaba suka tafi. Ya gaisa da ƙanwarsa, ya ci tuwo, sannan ya ja Munzali gefe ya rage murya.

Ashe akwai wata bazawara a kasuwar Tsafe, sunanta Hajara, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kawu ya daɗe yana sayen man da ba ya bukata. Wata ranar kasuwa can baya ta ba shi kyautar ƙuli, shi kuwa ya zura a aljihu don ya je gida ya jiƙa. Ta gani, ta yi dariya ta ce, "Malam Yari, namijin da sai ya jiƙa ƙulina zai ci, da wane baki zai nemi aurena?"

"Tun ran nan ban koma ba," in ji Kawu. "Kuma na ji wani mai kwasar manja daga Funtuwa ya fara tsayawa rumfarta. Haƙoransa cif. Na ƙirga su da na gan shi a tasha yana dariya."

Munzali ya bugi ƙirji. "Kawu, ka zo gidan magani. Kafin kasuwa biyu zan sa maka haƙoran da za ka fasa ƙashin raƙumi da su. Ni zan ɗauki shatin bakin, in kai Gusau wani yarona ya zuba."

Yaron nan da yake faɗa, Malam Tajuddeen ne, mai ƙera haƙoran roba a unguwar Damba, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar, kuma bai san da zamansa a duniya ba.

Da hantsi aka zaunar da Kawu bisa turmi a zaure. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Munzali ya ɗebo ruwa daga jarkar da ta sha rana tun safe, ya zuba wa garin, ya fara juyawa yana ɗaga gira. Sai aka yi sallama.

Alhaji Sahabi ne, dillalin hatsi, aminin marigayi mahaifin Munzali. Duk Bungudu an san shi da gaisuwa. Idan ya riƙe hannunka, sai ya tambayi lafiyar kowa na gidanku da sunansa, har jakin da kuka sayar bara. Ba dama Munzali ya ci gaba da juyi gaban aminin ubansa. Ya ajiye kofi, ya durƙusa.

"Munzali, an dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Ya Kaduna? Ya mutanen Kaduna? Ya zafi? Ya innarka? Ƙafar tata ta yi sauƙi? Madalla. A'a, Malam Yari, kai ne bisa turmi? Ya Kucheri? Ya shanu? Wanga san da yab buge ka, yana nan?"

Da Alhaji ya tafi, Munzali ya waiwaya. Kwaɓin ya daskare ya zama roba, wuƙar tana tsaye a tsakiya ƙyam. Ya ɗaga wuƙar, kofin ya biyo ta.

Shu'aibu ya leƙo daga rumfarsa. "Dakta, wainar ta nuna?"

"Gwaji ne. A Kaduna kullum sai an yi gwaji."

Karo na biyu ya yi sauri. Ya kwaɓa, ya cika cokali, ya danna a bakin Kawu, ya ce kada ya motsa. Ko numfashi uku ba a yi ba sai ga Sani mai shayi ya shigo karɓar kofin da ya kawo musu shayi a ciki.

"Salamu alaikum."

"Wa'alaikumus salam!" in ji Kawu da iyakar ƙarfinsa, cokali da kwaɓi suka yi tsalle suka sauka a ƙirjin farar riga.

"Haba Kawu! Me ya sa ka yi magana?"

"Musulmi shi yi mini sallama in yi shiru? Haka anka koya maka Kaduna?"

Garin ya ragu sosai, don haka Munzali ya ce bari ya gwada jan danƙon. Ya tuna ya taɓa ganin ana tsoma shi a ruwa mai ɗumi ya yi laushi. A ganinsa, in ɗumi na sa laushi, tafasa za ta fi. Ya faki idon Sani ya jefa danƙon cikin tukunyar shayi. Danƙon ya narke ya manne a gindin tukunya, ranar mutanen unguwa suka sha shayi mai warin kyandir, Sani kuma ya biyo shi da ludayi har ƙofar gida.

Da sauran garin na ƙarshe, Munzali ya shige da Kawu ɗakin ajiyar hatsi ya sa sakata. Nan dai Allah ya taimaka. Kwaɓin ya kama, ya zaro cokali, sai ga shatin bakin Kawu ya fito ras, kowane haƙori da raminsa, giɓin ma ga shi nan. Munzali ya zaga unguwa da shi a tafin hannu kamar ya haifi ɗa.

"Yanzu sai mi?" in ji Shu'aibu.

"Sai shanya. Ka taɓa ganin abin da ya yi ƙarko bai bushe ba? Tubali, daddawa, kilishi, duk rana ce."

Ya hau tsani ya ɗora shi bisa rufin kwano, kusa da shanyar tattasan innarsa. Washegari da ya hau ɗaukowa, shatin ya motse, ya tsattsage, ya koma kamar busasshen ɓawon lemo. Munzali bai karaya ba. Abin da rana ta shanye, ai ruwa zai mayar. Ya jefa shi a kwanon sha, ya cika da ruwa, ya rufe, ya hau mota zuwa Gusau yana rungume da kwanon.

Malam Tajuddeen mutum ne mai haƙuri, mai farin tabarau. Ya tsamo abin da yatsa biyu, ya juya shi gaba da baya.

"Wannan bakin mene ne?"

"Na kawuna."

"Kawun naka kifi ne?"

"Abokin aiki, bar wasa. Ka zuba kawai, ina da marasa lafiya suna jira."

Tajuddeen ya dubi farar rigar mai tabon ruwan hoda, ya dubi furen zanen gado da ya rage a gefen aljihu, ya jawo masa kujera.

"Zauna in gaya maka. Garin nan rabinsa ruwa ne bayan ya kama. Ka bar shi a rana, ya motse. Ka bar shi a ruwa, ya kumbura. Ko wanne ka yi, ba bakin mutumin ba ne kuma. Da ruwan randa ake kwaɓa shi, mai sanyi, don ya ba ka minti biyu ko uku. Ruwan ɗumi kafin ka juya ya kama. Amfaninsa shi ne yana da taushi kamar roba, yana zamewa daga jikin haƙori ba tare da ya riƙe ba. Da ka zaro, nan take za ka kwaɓa farin siminti ka zuba a cikin shatin. Simintin shi ke fitar da siffar bakin, mai ƙarfi, wadda muke gina haƙoran a kanta. In za ka yi tafiya da shi, ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, kada ka wuce awa guda. Kana da jan danƙo?"

"Na yi amfani da shi a wani babban aiki."

"Shi da simintin, kada ka kusanci bakin da ke da sauran haƙora da su. In sun kama, ba sa lanƙwasa. Kai, ka kawo mini dattijon nan kawai, minti biyar na gama."

Amma Munzali tun daga tsakiyar bayanin ya hango kansa a madubin bango, yana gyara wuyan riga. Magana ɗaya ce ta shige shi: siminti shi ke fitar da siffar baki. A mota yana ta juya ta. In dai ƙarshen abin siminti ne, me ya kai mutum zagaye? Ga shi da leda guda cike. Kuma siminti ba ya gaggawa irin ta garin can, ko gaisuwa ta riske shi ba zai lalace ba. Kafin mota ta iso Bungudu ya gama yarda cewa ya gano abin da likitocin Kaduna ba su gano ba.

"Kuma ba a ɗaki zan yi ba," ya gaya wa Shu'aibu. "A kasuwar Tsafe zan yi, gaban jama'a, gaban ita Hajarar. Ta ga irin gatan da kawuna yake da shi."

Shu'aibu ya rataya zabirarsa. "Ko da ƙafa ne sai na je."

Ranar kasuwa Munzali ya aro kujerar mai gyaran takalmi, ya dasa ta daidai gaban rumfar man gyaɗa. Kawu Yari ya iso cikin babbar rigarsa ta salla, ya shafe gemunsa da mai ya taje shi, fari tas, ya sauko har ƙirji. Da ya hango Hajara tana auna wa wata mai, sai ya ja baya.

"Munzali, nan? Gabanta?"

"Nan ne daidai, Kawu. Mace tana son ta ga ana kashe wa namiji ilimi."

Ya hau kan benci ya tafa hannu. "Jama'a! Masu giɓi, masu wawulo, masu tauna da dasashi! Ku matso ku ga aikin Kaduna! Yau ba cirewa, sakawa za a yi!"

Kafin ka ce me, an kewaye su. Masu awon gero sun bar mudu, 'yan kabu-kabu sun kashe babura. Munzali ya zazzage rabin leda a kofi, ya kwaɓa da kauri, ya cika cokali har yana zuba.

"Kawu, sharaɗi ɗaya. Ko wa ya yi sallama, ka amsa a zuci. Na tambayi malamai."

"Waɗanne malamai?"

"Buɗe baki."

Ya danna. Simintin ya cika bakin, ragowar ya kwararo ta leɓe, ya bi gemu, ya taru a wuyan babbar riga. Munzali ya ce ba komai, ado ne, za a goge. Ya ɗaga hannu yana duba agogo, ya sanar wa jama'a cewa minti biyar cif zai zare.

Sai ya ji an kama hannun nasa, agogo da duka.

"A'a! Munzali, kai ne Tsafe?"

Alhaji Sahabi ne, ya zo sayen dawa. Munzali ya durƙusa, don ba yadda zai yi.

"An zo lafiya? Ya hanya? Ya kuka baro Bungudu? Ya innarka? Ƙafar fa? Madalla. Tsaya, ga Alhaji Adamu na Mada, tare munka yi fatauci da babanka, zo ka gaishe shi. Alhaji, ɗan marigayi ne, wanda yaz zama likita."

Alhaji Adamu shi ma ba baya ba ne. Ya yi ta'aziyyar marigayi, wanda ya shekara tara da rasuwa, ya ja addu'a, aka shafa. Ya ba da labarin yadda suka taɓa kwana uku a hanyar Ƙaura da lalatacciyar mota. Ya kira wani ƙanensa shi ma a gaisa. Munzali yana durƙushe yana "lafiya lau, Baba," yana satar kallon kujera, hannunsa na dama har yanzu yana hannun Alhaji Sahabi.

A kujera kuwa, Kawu Yari ya fara jin abu na ɗumi a bakinsa. Farin siminti in zai kama zafi yake yi, wannan kuwa ba wanda ya gaya masa. Gumi ya karyo masa. Ya zaro ido, ya ɗaga yatsa, ya buga ƙafa. Jama'a suka ɗauka cikin aikin ne, wani har ya ce, "Kun ga maganin ya fara ratsa shi."

Daidai nan Hajara ta gama da mai sayen mai, ta gyara mayafi, ta ratso taron.

"Salamu alaikum. Malam Yari, ina wuni?"

Kawu ya dube ta. Wutsiyar cokali ce kawai ta motsa.

"Malam Yari, ina wuni na ce."

"Mmm," in ji Kawu.

"Ikon Allah. Kasuwa biyu ba ka zo ba, yau ka zo ka zauna gaban rumfata, na gaishe ka kana yi mini kukan kurciya? Malam Yari, ina wuni? Na uku ke nan, ba ni ƙarawa."

Hawaye suka zubo wa Kawu. Shu'aibu wanzami ya matso ya ƙwanƙwasa gemun da ɗan yatsa. Ya yi ƙara kamar an buga tukunya.

"Dakta! Zo ka ga gininka ya kai linta."

Munzali ya fizge hannunsa ya rugo. Ya kama wutsiyar cokali ya ja. Kan Kawu ya biyo. Ya tura, kan ya koma. Ya sa gwiwa a ƙirjin kawunsa ya ja da hannu biyu, Kawu ya taso daga kujera gaba ɗaya, suka yi zagaye biyu a tsakiyar fili kamar masu rawa.

"Lafiya lau ne, jama'a! Haka yake yi! A Kaduna ma..."

"A Kaduna ma gina bakin mutane kuke?" in ji Hajara. Yanzu ta gane abin da ke faruwa, fushin ya koma kan mai farar riga. "Kai wane irin ɗa ne? Ka kawo dattijo cikin kasuwa ka yi mashi daɓe ga baki?"

Shawara ta ɓarke ta ko'ina. Mai fura ta ce a ɗura nono. Wani ya ce lemon tsami. Wani ya ce a kira magini, tun da aikin ya koma nasu. Mai facin taya ya taho da guduma da kurfi yana cewa a ba shi wuri, sau ɗaya zai buga. Da Kawu ya hango gudumar, sai ya tattare riga zai gudu, amma gemun ya manne da wuyan rigar, kansa ya kasa ɗagowa, ya yi ta tafiya a sunkuye kamar mai neman allura, yara da manya na biye da shi.

Shu'aibu ne ya tare shi. "Malam Yari, tsaya. Na ciki ya fi ƙarfina. Amma na waje, in ba a raba gemun ga da riga ba, ko mota ba ka iya shiga. Ka yarda?"

Kawu ya rufe ido, ya gyaɗa abin da zai iya gyaɗawa. Shu'aibu ya buɗe zabira, ya wasa aska, ya yi bisimilla. Gemun shekara talatin ya faɗo ƙasa dunƙule guda, ya yi ƙara tim, bai ko fashe ba. Hajara ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

A motar hatsin Alhaji Sahabi aka ɗauke shi zuwa Gusau. Kawu a gaba, wutsiyar cokali na leƙen gilashi. Hajara ta bar wa maƙwabciyarta rumfa ta ce sai ta ga ƙarshen abin. Shu'aibu da Munzali suna baya bisa buhunan dawa. Duk shingen da aka tsaya, sai mai duba mota ya leƙo, ya dubi Kawu, ya ce su wuce, Allah ya sawwaƙe.

Malam Tajuddeen ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya zaunar da Kawu, ya ɗauko wasu ƙananan ƙarafa, ya shiga ɓantarar simintin kaɗan-kaɗan, yana ɗiga ruwa, yana cewa, "Sannu Baba, saura kaɗan." Sai da aka kusa la'asar gutsuren ƙarshe ya fito, kuma bai fito shi kaɗai ba. Wani haƙori na gefe da ya daɗe yana girgiɗi ya biyo shi.

Kawu ya kurkure baki. Ya motsa muƙamuƙi hagu da dama. Kowa ya zuba ido a ji abin da zai fara faɗa wa ɗan ƙanwarsa. Sai ya juya wajen Hajara.

"Wa'alaikumus salam. Lafiya lau. Lafiya lau. Lafiya lau, Hajara. Duka ukun na amsa su ga zuci, Allah shaida ne."

Hajara ta kau da kai tana danne dariya.

Tajuddeen ya ce tun da an zo, dasashin gaba lafiyarsa lau, bari ya ɗauki shatin na gwaji, in wurin haƙorin da ya fita ya warke a sake. Ya rufe ƙofa ya sa sakata, ya ce wa Alhaji Sahabi don Allah ya riƙe gaisuwarsa minti uku. Ya ɗebo ruwan randa, ya kwaɓa garinsa, ya sa, ya zare, ya zuba siminti a cikin shatin. Kafin Kawu ya gama tsorata an gama.

Munzali kuwa yana tsugune a ƙasa yana harhaɗa gutsattsarin da aka ɓantaro. Ya miƙe da su a tafin hannu.

"Amma fa ku duba, abokin aiki. Nawa ya fi fitowa. Naka rami ne kawai, nawa har da haƙorin gaske a ciki."

Shu'aibu ya ce, "To, barka. Ka shigo sana'armu ta cirewa, sai dai kai da tsada kake farawa, da gemu."

Kawu bai kula su ba. Ya shafa haɓarsa, ya ji ta sumul kamar ta jariri, ya dubi ƙasa.

"Hajara, kin ji Malam ya ce in wurin ya warke za a yi mini haƙora. Biyar yanzu, ba huɗu ba. In kin yi haƙuri..."

"Malam Yari, wa yac ce maka haƙora nike jira?"

"Ke kinka ce..."

"Wasa nike! Mace ba ta tsokanar wanda ba ta so. Shi mai manjan da haƙoransa talatin da biyu, ka taɓa ji na tsokane shi? Ni giɓinka bai taɓa damuna ba." Ta nuna haɓar da yatsa. "Gemun nan ne. Duk kasuwar Tsafe babu mai irinsa. Shi nike hangowa tun daga bakin tasha in san ka iso. Yanzu ka dube ka, kamar ɗan makarantar boko."

Kawu ya sake shafa haɓarsa.

"Ka turo manyanka," in ji ta, tana gyara mayafi. "Amma ba a ɗaura ba sai ya tsiro. Ba ni shiga Kucheri a ce na auri ƙanena."

Kawu ya juya a hankali. "Wanzam, wata nawa?"

"Irin wancan? In damina ta yi kyau, sai kaka."

Munzali ya gyara murya. "Kawu, in don gemu ne, akwai wani haɗi da..."

Mutum biyar suka ce masa ya yi shiru, har da Alhaji Sahabi, wanda ba a taɓa ji ya katse maganar kowa ba.

Da kaka aka ɗaura auren a Tsafe, bayan Hajara ta aiko ƙanenta ya auna gemun ya tabbatar ya cika tafin hannu. An gayyaci Munzali, don ɗan ƙanwa ba a yar da shi. Sai dai Kawu ya kafa sharaɗi, kuma an bi: tun daga fatiha har watsewar taro, Shu'aibu wanzami na zaune kusa da shi, hannuwan Dakta biyu suna cikin aljihu.